Ai Taku Ce, Baba

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so mantawa surukaina ba za su bari ba, da wata la'asar da na tsaya sallah a ƙofar wani gida a unguwar Lamisula da kayan sata a aljihuna. Abin da yake ƙona min rai har yau shi ne kayan nawa ne. (Ko dai in ce a da nawa ne. Asalin rigimar ke nan.)

Bari in fara da na'urar. A lokacin ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare mai zaman kanta, ina haya a unguwar Fezzan, ba ni da mota, ba ni da fili, ba ni da komai da za a nuna ni da shi sai na'urar karatu. Wani abokina da ya je karatu waje ne ya zo min da ita, ta hannu ce amma garau. 'Yar siririya ce mai murfi, ba ta kira, ba ta ɗaukar hoto, aikinta kawai ta nuna rubutu, da ka buɗe murfin sai ta kawo haske da kanta. Ban san wani mai irinta a unguwarmu ba, kuma na tabbatar kowa ya san da hakan.

A ɗakin malamai na ishi mutane. A Keke Napep nakan fito da ita ko da tafiyar ba ta kai a buɗe shafi ba. Ina da wata lacca da na haddace: caji ɗaya yana kai ta wata guda, ba ruwanta da sabis, ba ta kashe ido, kuma duk littafin da ke duniya yana cikinta. Idan na ga abokin aiki ya rungumo littattafai sai in tambaye shi ko dako ya koma. Nawa na takarda kuwa duk na rabar wa ɗalibai, a gaban mutane, don a shaida na shiga zamani.

Gaskiyar da ba na faɗa ita ce kantin littattafan da ke cikin na'urar bai taɓa karɓar katin bankina ba, duk lokacin da na gwada sai ya kore ni cikin ladabi. Idan na nemi littafin Hausa sai ta yi kamar ba ta ji ba, na Kanuri kuwa ko maganarsa ma ba a yi. Abin da na cika ta da shi tsofaffin littattafan Turawa ne da ake bayarwa kyauta saboda marubutan sun daɗe a ƙasa, sai wasu na Hausa da wani bawan Allah ya ɗauki hotonsu a karkace, babban yatsansa na leƙowa a gefen kowane shafi. Batun karantawa kuma, to, na buɗe da yawa. Kada a matsa min da tambaya.

A wannan halin na fara neman Yagana. Ma'aikaciyar jinya ce, mai hankali, mai dariyar da ba ta raga wa kowa. Tun farko ta faɗa min cewa ita ba matsala ba ce, matsalar mahaifinta ce, Alhaji Bukar, tsohon hedimasta. Ta ce ya taɓa sallamar wani mai mota biyu saboda ya ce zai zo da hantsi ya zo da azahar bai kuma ba da haƙuri ba. Ta ce Baba ba ya duba abin hawan mutum, bakinsa yake dubawa, idan ka faɗi magana zai ajiye ta ya jira ya ga ko za ka dawo ka same ta inda ka bar ta. Na ce ai kuwa ya gamu da nasa, mu malamai da baki muke ci.

Ranar da na fara zuwa gaishe shi na tarar da shi a gindin dogon yaron ƙofar gidansa, a kan darduma, ya jingina da matashin fata. A gefensa akwai amininsa Malam Bitrus, tsohon akawun kotu ɗan kudancin Borno, dattijo a cocinsu, wanda shekara da shekaru kullum yamma nan yake zuwa su sa rediyo a tsakiya suna musu da shi. Yagana ta riga ta gaya min cewa Baba yana da ɗaki cike da littattafai amma idonsa ya daina ganin ƙananan haruffa, an canja masa tabarau har an gaji. Mutumin kirki idan ya ji haka tausayi ne zai kama shi. Ni dama na hango.

Bayan "wushe, wushe" da sauran gaisuwar Kanuri da ba ta ƙarewa, na san yadda na karkato hirar ta zo kan karatu, na zaro na'urar, na karanto laccata daga farko har ƙarshe. Daga nan na yi abin da ke sa mutane riƙe baki: na danna, haruffan suka yi ta girma har kowanne ya kai ƙwayar wake. Na miƙa masa da hannu biyu.

Ya karɓa ya kai kusa da fuska, ya ɗan janye, sannan ya ɗora yatsa a kan layin farko ya karanta a fili da irin Turancin hedimastocin da, wanda kowace kalma take sanye da takalmi. Ya karanta na biyu. Ya daina karantawa a fili ya ci gaba a zuci. Shayina ya huce, Malam Bitrus ya kashe rediyo, ni kuma ina zaune ina jin daɗin yadda na burge. Can ya ɗago ya ce wannan allo yana da kyau ƙwarai.

Kowa ya san abin da ake cewa a nan. Babba ya yaba hularka, ka ce taku ce. Ya yaba agogonka, ka fara kwancewa. Shi kuma ya ce Allah ya yi albarka, riƙe abinka, kowa ya tashi da mutuncinsa da kayansa. Tun muna yara haka muka ga ana yi, ban taɓa ganin wanda ya tafi gida ba hula a dalilin haka ba. Don haka na ƙara sunkuyar da kai, na sa murya mai taushi.

"Ai taku ce, Baba."

"Madalla," in ji shi. "Allah ya yi maka albarka."

Ya ɗaga matashin ya tura ta ƙarƙashi.

Na yi 'yar dariya ina jiran ragowar maganar. Ragowa ba ta zo ba. Malam Bitrus ne ma ya karɓe, ya yi ta yi min godiya, yana cewa rabon da ya ga yaro mai hannu a sake irina tun kafin ya yi ritaya. Ina amsawa da "ba komai, ba komai" ina kallon matashin nan. Na yi sallama har sau biyu, na tsaya gyaran takalmi wanda ba shi da igiya, ba wanda ya kira ni. Da ƙafa na koma Fezzan, don ban ga amfanin shiga Keke ba tunda ba abin da zan fito da shi.

Washegari a ɗakin malamai aka tambaye ni ina laburaren. Na ce tana hutawa. Kafin a tashi labari ya zaga, har malamin lissafin da na fi yi wa ba'ar dako ya ajiye min wani tsohon littafi a tebur, wai in riƙa ragewa kafin zamani ya dawo. Na ji zafin wannan. Na kuma gane cewa ba karatun nake kewa ba, kallon da ake yi min nake kewa, amma ganewar ba ta hana ni komai ba. Na ƙudura sai na karɓo abina, cikin dabara, ba tare da na rasa Yagana ba.

Dabarar farko ita ce caji. Na bari aka kwana biyu na je gaisuwa, na ce ko in tafi da allon in sa masa wuta, kada ya mutu a hannunsa. Baba ya dube ni ta saman tabarau ya ce ba ni ne na ce yana wata guda ba? Ya ce ko da ya mutu ma, wayar cajin Yagana tana shiga, kuma suna da sola. Dabara ta biyu, na ce akwai wani gyara da kamfanin ke turowa, sai an kai ta inda akwai sabis mai ƙarfi. Ya ce ba ni ne na ce ba ruwanta da sabis ba? Na uku, na nuna damuwa da lafiyar idonsa. Wannan kuwa Malam Bitrus ne ya tuna min, kalma da kalma, abin da na faɗa game da ido. (Akawun kotu ne, ba ya yar da magana.) Duk ƙofar da na nufa sai in tarar ni na kulle ta da bakina tun ranar farko.

Su kuwa tsofaffin nan biki suke. An kai na'urar wurin baduku ya ɗinka mata gafaka ta jar fata mai dogon maɗauri. An kori rediyo. A cikin tarkacen da na zuba, ashe akwai littafin wani Bature da ya ratso hamada a kan raƙumi ya nufo Borno tun zamanin kakannin kakanni, shi kaɗai ne abin da ya shafi ƙasarmu a cikin "duk littattafan duniya" da nake taƙama da su, kuma ni ban ma san yana ciki ba. Shi suka sa a gaba. Baba ya karanta sakin layi, ya tsaya ya ƙaryata Baturen, Malam Bitrus ya kare shi don kawai a yi musu. Sukan tambaye ni ra'ayina a kan wani babi, in ce ai wurin yana da zurfi, sai an yi nazari.

Da dabara ta ƙare na koma wurin Yagana. Na zagaya, na zagaya, na ce ko za ta ɗan nuna wa Baba cewa na'urar nan kayan aikina ce. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta daina dariyar gaba ɗaya ta tambaye ni na ba shi ne ko ban ba shi ba. Na ce na ba shi, amma irin bayarwar nan. Ta ce ita ba ta san iri-iri ba. Ta ce tun da ya daina gani sosai ya koma mai faɗa, abinci ma sai an lallaɓa, amma yanzu da safe har waƙa yake yi yana neman tabarau. Ta ce a gidansu an daina kirana malamin Fezzan, an koma cewa mai allon Baba, kuma idan ina da wayo in bar maganar inda take. Na ce na bari. A raina kuwa cewa na yi ita ba ta san ciwon abin ba.

Ana haka Kawu Sale ya shigo gari. Ƙanen mahaifina ne amma Kawu muke ce masa, manomin shinkafa a Zabarmari, shi ne zai tsaya min a matsayin uba, mutum ne da ba ya tauna magana kafin ya fitar. Ya ce kafin a kai ga maganar manya yana so ya je su gaisa da Alhaji su san juna, ni kuma in raka shi in nuna masa gida. Na ci ado da babbar riga ta shadda wadda ta sha sitati har tana ƙara, na kafa hula zanna. Ban fita da niyyar komai ba, wannan kam zan iya rantsewa.

Zama ya yi daɗi. Kawu da Baba suka haɗu a kan zancen ruwa da farashin taki, aka kawo burabusko aka ci, aka bi da shayi. Baba ya yi ta yabona a gaban Kawu, ya sa Malam Bitrus ya zaro allon ya nuna wa Kawu kyautar da ɗansa ya yi, wato ni. Kawu ya dube ni da mamaki, don ya san ko biro ba na bayarwa aro. Da aka kira la'asar Malam Bitrus ya mayar da na'urar cikin gafaka ya ajiye a gefen matashi, ya zagaya bayan gida. Baba da Kawu suka ɗauki butoci suka matsa bakin kwata. Ni ina da alwala. Aka bar ni daga ni sai gafaka.

Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, don ina jin ko shi tsayawa ya yi yana kallo. Lissafin da na yi a wannan ɗan lokacin shi ne: ƙofar gida ce, hanya ce, mutane na wucewa, za a ce wani ne ya ɗauke, a yi jaje, a manta, ni kuma in riƙa karatuna a ɗaki ba mai gani. (Ban ma tsaya na tambayi kaina ba, mene ne amfanin na'urar da ba zan iya nuna wa kowa ba.) Na zare ta daga gafakar saboda maɗaurin zai tona ni, na jefa ta a babban aljihun gaban rigar, na gyara zama ina tasbihi da yatsu.

Baba ya dawo yana yarfe hannu, ya ɗauki gafakar zai kai cikin gida, don ba ya barin ta a ƙasa idan za a yi sallah. Ya ji ta ba nauyi. Ya leƙa ciki, ya zazzage ta, ya ɗaga matashi. Ban taɓa ganin fuskar dattijo ta faɗi haka ba, sai ya koma kamar wanda aka tashe shi daga barci bai san inda yake ba. Aka ɗaga darduma, aka ɗaga tabarma, maƙwabtan da suka zo jam'i suka shiga nema. Ni na fi kowa ƙwazo. Tabarma ɗaya na ɗaga ta na sake ɗagawa, na leƙa cikin butar shayi, har na buɗe baki na ce wallahi mutanen yanzu ba su da tsoron Allah.

Sai Malam Bitrus ya dawo ya ji abin da ake ciki. Ba wanda ya tuhume shi, amma ya ce shi ne na ƙarshe da ya taɓa ta, kuma ya yi aikin kotu ya san inda ake fara bincike. Baba yana hana shi, shi kuwa ya riga ya fara zazzage aljihunsa a kan tabarma: gidan tabarau, hankici, ɓarin goro, makullin gida. Tsoho mai furfura, yana juya aljihu a bainar jama'a a unguwar da ba tasa ba. Na gani da idona, kuma na bar shi ya ci gaba. Duk abin da ya biyo baya na cancance shi tun daga nan.

Kawu ne ya ce a yi sallah tukuna, lokaci na tafiya, wanda ya ɗauka Allah yana ganinsa. Aka tura wani maƙwabci gaba, aka ja sahu. Na so in lallaɓa can ƙarshe, Baba ya kamo hannuna ya tsayar da ni a damansa, Kawu ya tsaya a nawa daman. Malam Bitrus ya koma kan benci a gefe kamar yadda ya saba, inda yake ganin sahun gaba ɗaya.

Duk wanda ya taɓa sa babbar riga ya san abin da ya sa ake fitar da waya a ajiye a gaba kafin a tayar da sallah. Ni sai da aka yi kabbara na tuna. Tun ina yaro sakin hannu nake yi kamar yadda na ga iyayena suna yi, amma ranar nan take na koma mai ɗora hannu a ƙirji, na danne aljihun da iya ƙarfina. Ban san abin da na karanta a tsayuwar nan ba. Addu'ata ɗaya ce, Allah ya sa liman ya daɗe a tsaye. Bai daɗe ba.

Ruku'u dai ba a yin sa sai hannu ya sauka a gwiwa. Na gwada sunkuyawa rabi, ƙeya a sama, kamar mai ciwon baya. Shaddar nan mai sitati ba ta riƙe komai. Na ji abin yana sulalowa a hankali, ya leƙo, ya yi tsalle, ya faɗi a kan darduma da wata 'yar ƙara da na tabbata an ji ta har bakin titi. Murfin ya buɗe. Na'urar, wadda ba ta taɓa saɓa alkawari ba, ta kawo haskenta, ga haruffan Baba nan manya-manya, daidai inda zai sa goshinsa.

Da a wani wuri ne da na yi magana, da na ƙirƙiro wani abu, baki ne sana'ata. Amma a sallah muke, kuma raka'ar farko ce. Ba mai magana, ba mai waiwaye, ba mai gudu. Da aka tafi sujada Baba ya sa bayan hannu ya ture ta a hankali, ba zuwa gabansa ba, zuwa gabana. Haka na yi sauran sallar, duk sujada hancina yana gefen Baturen nan da raƙuminsa. A damana ina jin numfashin Kawu yana ƙara nauyi. Daga kan benci kuma wani tari ya kama Malam Bitrus, irin tarin da ake yi idan dariya ta rasa hanyar fita. Ban taɓa sanin la'asar tana da tsawo haka ba.

Aka yi sallama. Aka yi addu'a, aka shafa, ba wanda ya motsa. Maƙwabta suna kallon na'urar, suna kallona, suna kallon sama. Kawu ya buɗe baki, na san abin da zai fito ba zai bar ni da aure ba, sai Baba ya riga shi.

"Kai, tsufa," ya ce yana dafa goshi, yana dubana. "Ashe Malam ne ya ɗauka. Ni na roƙe shi ya tafi da shi ya ƙara mana littattafai, na manta. Bitrus, ka yafe ni, na sa ka juya aljihu a banza."

Bai taɓa roƙona komai ba. Kowa a wurin ya ji ni da kunnensa ina zagin mutanen yanzu, amma aka taru aka amince da maganar, har wani yana cewa ai mantuwa ta kowa ce. Malam Bitrus ya share hawaye da hankicinsa ya ce ba komai, abin da ya gani daga kan benci ya biya shi. Da Baba ya kira ni ɓarawo da na fi samun sauƙi. Dattijon da ya kori mai mota biyu a kan saɓa lokaci, yau ya yi ƙarya a kan dardumar sallah don ya rufa min asiri, kuma ni na ja masa.

Da mutane suka watse ya ce in biyo shi zaure. Ya zauna, na durƙusa. Ya ce shi ba yaro ba ne, tun ranar farko ya san irin bayarwar da na yi, shi ma ya sha cewa taku ce, ya kuma san amsar da ake bayarwa.

"Amsar tana bakina," ya ce. "Sai na kalli haruffan nan. Na daɗe ban karanta layi ɗaya da idona ba, Malam. Na ce bari in yi rashin kunya sau ɗaya a rayuwata."

Ya sa na'urar a gafakar, ya naɗe maɗaurin, ya miƙo min. Ya ce Baturen ya kusa isa Kukawa, tsohon birnin Borno, idan na karanta in zo in faɗa musu ko ya isa lafiya. Na rantse, na roƙa, na ce wallahi yanzu da zuciya ɗaya na ba shi. Ya ce a'a, ya riga ya ji wannan sau ɗaya. Haka na fito da abin da na yi wata da watanni ina ƙulla yadda zan samu, yana rataye a kafaɗata, ina jin kamar in jefa shi a kwata.

Abin da Kawu ya faɗa min a hanya ba zai rubutu ba. Mafi sauƙinsa shi ne, a Zabarmari ko tsuntsun da ke cin shinkafa yana jira mai gona ya juya baya, ba ya bin sa masallaci. Yagana ta daina ɗaukar wayata. Na'urar kuma na kasa buɗe ta, sai dai in kalle ta a kan tebur.

Gidan Malam Bitrus na fara zuwa, da riga marar aljihu. Na ba shi haƙuri, ya bar ni na yi ta bayarwa har sai da ya ga na yi laushi, sannan ya sa aka kawo min ruwa. Na tambaye shi yadda zan yi Baba ya karɓa. Ya ce in daina cewa na ba shi, wannan kalmar ta mutu a bakina, ko limamin gari na kawo ba za ta tashi ba. Ya ce in je in ce ya ara. Aro ba ya bukatar a yarda da zuciyar mutum, kuma shi ma ya gaji da rediyo.

Haka na yi. Baba ya dube ni ya ce to, aro kam zai iya, idan ya gama zai dawo min da ita. Da daɗewa bayan nan Yagana ta ɗauki waya, abin da ta fara tambayata shi ne ko ina da alwala.

An yi auren, har mun samu ƙaruwa. Baturen ya isa Kukawa tuni, ya koma ƙasarsu, Baba ya bi ta kan sauran matattun Turawan ɗaya bayan ɗaya, yanzu ni ne mai yawon nemo masa sababbi, kuma har yau yana tambayata yaushe za a sa namu a ciki. Duk zuwan da na yi sai ya ce allona yana nan, bai gama ba tukuna. Ni kuma na koma aron na takarda a wurin malamin lissafi, kuma abin mamaki ina kai su ƙarshe.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne. Idan babba ya yaba min abu yanzu, na gode kawai nake cewa, in ƙara riƙe shi da kyau. Sai dai na makara. Da ƙaramar sallar da ta wuce na kai wa surukata atamfa, ta karɓa ta juya ta, ta yaba, sannan ta dube ni a gaban 'ya'yanta duka.

"Malam, wannan ta gaske ce, ko mu jira la'asar?"